Gidan haya na gado da ba a raba ba: wa zai kai lissafin haraji?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Magidanci ne ya rasu a Katsina ya bar bene mai shaguna, wani kamfani na haya a ciki. Ba a raba gado ba tukuna, babban ɗa ke karɓar kuɗin haya, shi ke biyan magini da mai fenti. Wa hukumar haraji za ta tuhuma? Kuma dole ne ya cire wani abu daga kuɗin masu aiki?

Akanta:
Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan mamacin. Malam, fara da ranar rasuwa, ita ce iyaka. Harajin hayar da aka karɓa kafin ranar bashi ne a kan mamaci, a fitar da shi tare da sauran basussuka kafin a yi maganar rabo. Gadon kansa babu haraji a kansa, tun 1996 aka soke wannan dokar a Najeriya. Hayar da ke shigowa bayan rasuwa ce ake bi.

Wanda kotu ta damƙa wa kula da dukiyar shi ke kai lissafi, kuma ga Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina zai kai, tunda a nan mamacin yake zaune. Wa'adin kai lissafin shekarar da ta wuce shi ne 31 ga Maris. A dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, tarar jinkiri N100,000 ce a watan farko, sai N50,000 kowane wata bayansa.

A ɗauka hayar N3,000,000 ce a shekara. Kamfanin zai riƙe kashi 10, wato N300,000, ya kai wa hukuma, ya ba ku N2,700,000. A lissafi N3,000,000 za a rubuta, abin da aka riƙe kuma a cire shi daga harajin da ya hau. Idan an kashe N600,000 a gyara, saura N2,400,000. Matar mamaci na da tumuni, N300,000. In maza biyu ne da mata uku, N2,100,000 ta kasu bakwai, mace N300,000, namiji N600,000. Kowa zai haɗa nasa da sauran abin da yake samu. N800,000 ta farko a shekara ba a ɗora mata komai, don haka magajin da ba shi da wata hanyar samu ba zai biya ko kwabo ba, amma ɗan da ke da albashi nasa zai hau kan albashin.

Inda ake yawan tafka asara: ɗan haya ya ci gaba da biyan kashi 10 ɗin da TIN na mamaci, wato lambarsa ta biyan haraji, ko da sunan dillalin gidan. Kuɗin sun shiga, amma ba sunan da za a yi amfani da su. Ku rubuta wa kamfanin takarda tun yanzu ya gyara sunan da yake biya da shi, ku haɗa da kwafin takardar kotu, kuma ku riƙa karɓar rasit ɗin kowane biya.

Mai Kwangila:
A kan masu aiki. Ƙa'idojin 2024 na cire haraji daga tushe, wato riƙe wani kaso na kuɗin mutum a kai wa hukuma kafin a biya shi, sun ɗora nauyin a kan kamfanoni, ƙungiyoyi da hukumomi, ba su ɗora wa mutum ɗaya a karan kansa ba. To amma in benen da sunan kamfanin mamaci yake, ko magada sun yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don tafiyar da shi, nauyi ya hau. Abin da ake cirewa: ginin gida kashi 2, sauran ayyukan gini kashi 5, lauya da dillali kashi 5. Wanda ba shi da TIN a ninka masa. Ƙaramin kamfani an ɗaga masa ƙafa idan abin da ya biya mutum a wata bai wuce N2,000,000 ba, muddin mai karɓar yana da TIN.

Wurin kaiwa ma ya bambanta. Idan ɗan kwangilar kamfani ne, NRS, hukumar haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS, kafin 21 ga wata mai zuwa. Idan mutum ne, hukumar jihar da yake zaune, kafin 30.

Hajiya Lauya:
Ƙari kaɗan, Malam. Ba duk abin da aka ba magini ne ake cirewa daga haya ba. Canja kwanon da ke yoyo, fenti, gyaran famfo da soka-awe, waɗannan gyara ne. Ƙara shago biyu a gaba ko ɗora hawa, wannan jari ne, ba a zabge shi a matsayin gyara. Magini ya raba takardarsa biyu in ya yi duka a tare.

Sannan babban ɗa ya daina zuba hayar a asusunsa. Hukuma za ta iya ɗaukar ta a matsayin samunsa, ƙannensa kuma ranar rabo sai ya yi musu bayanin kowace naira gaban alƙali. A buɗe asusu daban da takardar kotu, kowane mai aiki a biya shi ta banki, a rubuta sunansa, aikin da ya yi da kwanan wata. Takardun a ajiye su shekara 6.