Wai da gaske dolfin na da suna?

Kawu: Wanga bidiyo da anka turo jiya ni ban yarda da shi ba. Wai dolfin na kiran ɗan'uwanai da suna. Kifi fa! Wa ya raɗa mai, yaushe anka yanka ragon?

Malama: Kawu, barka da hantsi. Ba kifi ba ne, haihuwa yake yi ya shayar, iska yake shaƙa ta wata ƙofa a saman kansa. Kuma ba raɗa masa ake yi ba. Tun a shekararsa ta farko kowane ɗa ke ƙago fito irin nasa, ya riƙe shi har tsufa. Wasu mata da miji a Amurka, David da Melba Caldwell, su suka fara bayyana haka a 1965.

Kawu: To ai murya ce wannan, ɗiyata. Ko akuya ta san kukan ɗanta cikin garke.

Yaya Babba: Nan kam ina bayan Kawu.

Malama: Yaya, dakata. An gwada wannan a gaɓar Sarasota ta jihar Filorida, inda ake bibiyar dolfin tun 1970. A 2006 wani mai bincike, Vincent Janik, da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta kwaikwayi hawa da saukar fiton kawai, babu muryar mai shi ko kaɗan. Da aka kunna, 'yan'uwansa suka riƙa waiwayowa. Akuyar Kawu da ta ji an cire murya shi ke nan ta rikice. A 2013 kuma, a gaɓar Sikotilan, aka kunna wa dolfin fitonsa ya amsa, aka kunna na wani ya yi biris.

Auta: Anti, na karanta har bayan shekara 20 da rabuwa suna gane fiton wanda suka zauna da shi. Ni abokan firamare ma sun ɓace mini.

Baba Liman: Wanda ya jiyar da Annabi Sulaimanu zancen tururuwa, wannan ba ya gagarar Sa. Amma kada a ce harshe gare su irin namu.

Malama: Allah gafarta Malam, ban kai nan ba. Galibi ma kowa fiton kansa yake yi, yana sanar da inda yake, don ruwan gaɓa gurɓatacce ne, ido bai kai nesa, sauti kuwa gudunsa a ruwa ya ninka gudunsa a cikin iska fiye da sau 4. Kwaikwayon fiton wani ba ya yawa, sai tsakanin uwa da ɗa ko mazan da suka ƙulla abota.

Kawu: Yauwa! Ashe kansa yake kira. Wanda ka yawo shina faɗin sunanai ko'ina, mu nan Sakkwato ba mu ce mai mai hankali.

Malama: Amma in uwa ta yi fiton ɗanta ya amsa, me za ka kira shi, Kawu?

Kawu: Sai na gani da idona. Auta, turo min wancan na Sikotilan in data ta rage maka.