Na bar banki da niyyar koyon haɗa sola, amma har yau ban taka ƙofar shago ba

Baban Hanifa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa canza sana'a da girmansu.

Ni ma'aikacin kwantiragi ne a wani banki a nan Kano, ɓangaren nemo kwastoma, irin waɗanda ake yanka wa kuɗin da za su shigo da shi duk wata. Bayan ƙaramar sallah aka yi ragin ma'aikata, abin ya biyo ta kaina. Ban wani damu sosai ba a lokacin, don dama aikin ya ishe ni, kuma tun ina ciki nake cewa duk ranar da na fita sola zan koya. Difloma a fannin lantarki na yi kafin neman abinci ya kai ni banki, ka ga ni ba baƙon waya ba ne.

To ga inda gizo ke saƙar. Na fita ɗin, amma ban fara komai ba. Ina da littafi guda cike da farashin inbata da batir da fanel. Rukunin WhatsApp na masu sola babu wanda ban shiga ba, YouTube kuwa shi ke cinye min data. In na dawo daga masallaci da asuba sai in ce bari in ɗan kishingiɗa, ban farka ba sai hantsi ya dubi ludayi. Sai in ce ai yau rana ta yi, gobe da sassafe zan shiga Sabon Gari. La'asar na yi ina majalisa, musun ƙwallo da siyasa har a kira magariba. Uwargida ba ta ce min uffan ba, amma ta daina tambayata ina zan je yau, kuma wannan shirun nata ya fi faɗa yi min ciwo.

Akwai wani mai haɗa sola a unguwarmu da ya ce in zo duk ranar da na shirya. Matsalar, ƙanin bayana ne, ina makarantar firamare aka yi sunansa. Jiya ina cikin kwat a ofis mai sanyi, yau kuma in koma riƙe masa tsani?

Ku da kuka wuce wannan wajen, yaya kuka yi kuka tashi? In jira in tara jari in buɗe nawa kai tsaye, ko in ci gaba da tura takardu ofisoshi har Allah ya sa a dace?

Injiniyan Dole ya amsa:

Wa alaikumussalam Baban Hanifa. Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi kafin in koma hawan kwano, don haka na san wannan barcin hantsin, na kuma san littafin nan na farashi. Ka rufe shi. Ba ilimi ne ya yi maka ƙaranci ba. Abin da ka rasa shi ne mutumin da zai duba agogo in ba ka zo ba. A banki ba niyyarka ce take tashinka ba, manaja ne da rajistar sa hannu. Yanzu an cire su, sai ya rage kai kaɗai kake wa kanka alƙawari, kai kaɗai kuma kake yafe wa kanka. Mutum ba ya jin kunyar saɓa wa kansa, amma yana jin kunyar a ce yaro ya tsaya a bakin titi da kaya a Adaidaita yana jiransa.

Saboda haka kada ka ce wa mai solan unguwarku "zan zo cikin satin nan". Kira shi yau, ka tambaye shi ina yake da aiki ranar Litinin, ƙarfe nawa za a ɗauki kaya, ka ce kai za ka riƙe jakar kayan aiki. In jakar ta kwana a gidanka ma ya fi, don ka ga ba halin ka maƙale.

Maganar ƙanin baya kuwa, a kasuwannin Kwari da Singa dattawa nawa ne suke zaune a shagon 'ya'yan cikinsu? Kunyar ta kwana biyu ce. 'Yan majalisa za su ɗan taɓa ka, "manaja an koma leburanci", daga baya su ne za su fara kiranka in inbatarsu ta kama kuka da tsakar dare.

Bari in faɗa maka abin da bidiyo ba zai ba ka ba. Kwano da ƙarfe goma sha biyu na rana a watan Afrilu, ko ta cikin takalmi sai ka ji shi, shi ya sa ake hawa da sanyin safiya a gama ɗaure fanel kafin rana ta take, aikin cikin ɗaki ya biyo baya. Za ka koyi taka kwano a kan layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa, in ba haka ba ka lotsa wa mutane rufi damina ta zo su yi ta tsine maka. Za ka ga da idonka cewa fanel ba shi da makunni: rana na taɓa shi ya fara ba da wuta, in an jera su da yawa a layi ɗaya ƙarfin yana kai ɗaruruwan bolt, kuma in ka zare mahaɗin wayar fanel, wanda ake kira MC4, alhali wuta na tafiya, tartsatsin da zai yi ba irin na wutar NEPA ba ne. Za ka koyi cewa batir ake fara haɗa wa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, kafin fanel. Mu a Kano fanel kudu yake kallo, a ɗan jingine shi kaɗan, tunda kusan digiri 12 muke arewa da tsakiyar duniya. Wasu suna shimfiɗa shi yadda rufin ya zo kawai, hunturu ya shigo ƙura ta kwanta a kai, mai gida ya ce an sayar masa da jabu.

Sannan lissafi, wanda nan ne yawancin yaran suke faɗuwa, kai kuma nan ne za ka fi su. Batir mai 12V da 200Ah, a takarda wat 2,400 yake riƙewa na awa guda. In na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a sha, in dai ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Fanka uku na sama, kowace wajen wat 70, sun kai 210. Ka raba ka gani, da ƙyar za su yi awa biyar da ɗoriya, ba a ma sa talabijin da firiza ba. Amma sai ka ji yaro ya ce wa Alhaji "wannan zai kai ka asuba", don kawai a yi ciniki. Batirin litiyam ya fi jure a sha shi sosai, sai dai kuɗinsa. Wanda zai zaunar da mai gida, ya zagaya ɗaki ɗaki ya rubuta kayan wutarsa, ya ce masa dutsen guga da hita ba sa cikin wannan lissafin, ya ba shi takardar farashi mai tsabta, shi ake sake kira. Shekarun da ka yi kana lallashin 'yan kasuwa su buɗe asusu ba su tafi a banza ba. Ƙanin naka zai koya maka hannu, kai kuma ina tabbatar maka ba zai daɗe ba zai fara tura ka wajen kwastoma.

Abin da za ka saya yanzu: mita mai kyau, filaya, sukundireba, testa, da takalmi mai roba a ƙasa. Kada ka ƙara komai a kai.

Maman Sadik ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Baban Hanifa. Ni ba ruwana da hawan kwano, ɓangaren kula da ma'aikata na yi aiki, don haka ta fuskar kuɗi zan yi magana.

Ka duba asusunka na fansho tukuna. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashin ma'aikaci, mai aiki ya ƙara kashi 10. Ta kuma ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 damar cire har kashi 25 na abin da ya taru, in ya yi wata 4 bai sami wani aikin ba. Za ka je wajen kamfanin da ke riƙe da fanshonka da takardar sallama. Tunda ɗan kwantiragi ne kai, fara neman bayanin asusun, ka tabbatar kamfanin da ya ɗauke ka yana zuba kuɗin duk wata, don wani lokacin a nan ake samun giɓi. Ka ga wannan ma fita ce ta kwana ɗaya ko biyu mai dalili.

Amma don Allah in kuɗin ya fito kada ka kama shago da shi. Na ga masu yin haka: haya, fenti, allon suna, rajistar CAC, kati mai ƙyalli, kuɗi ya ƙare ba a ɗaura fanel ko ɗaya ba. Wannan kuɗin na shinkafa ne da kuɗin makarantar Hanifa a watannin da kake koyo.

Abin da zan ƙara a kan maganar Injiniya shi ne, ban ga dalilin da za ka daina neman aikin ofis ba. Ka ware masa yammacin rana ɗaya a sati, ka tura takardunka, ka rufe kwamfuta. Kamfanonin da ke sayar da sola a biya kaɗan kaɗan suna ɗaukar mutanen da suka san talla da bin bashi, in ka haɗa da sanin aikin hannu ka fi wanda ya zo da takarda zalla. Kuma duk wanda zai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki sai ya ce me kake yi tun da ka bar banki. "Ina koyon haɗa sola a wajen wane" amsa ce. "Ina jira" ba ta da daɗin ji.

Sai maganar uwargida. A matsayina na mace nake faɗa maka, shirun nan ba raini ba ne, tsoron ƙara maka nauyi ne. Ka zaunar da ita ka faɗa mata abin da ya rage a hannu da abin da ka shirya. In ta san Litinin za ka fita, ita za ta hana ka komawa gado, ba sai ka sa ƙararrawar waya ba. In kuma ka ga barcin nan ya wuce misali, abinci ya fita ranka, ba ka son ganin mutane, to wannan ba lalaci ba ne, ka je asibiti a duba ka har da hawan jini.

Ɗan Singa ya amsa:

Ni dai bari in ɗan zuba ruwan sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya gagari talaka, aka zo Afrilun 2024 aka kai wa 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, kuɗin wuta naira 225 kowane yunit, kowa ya zama injiniyan sola. Haka aka yi da POS, kowane lungu rumfa, yanzu wasu sai hamma. Kasuwa akwai, ban musa ba, amma cike take da masu kwaɓa aiki, kuma bashi ya yi yawa: ka gama aiki mai gida ya riƙe cikon kuɗinka ya ce sai ya ga yadda batir zai yi.

Ban ce kada ka shiga ba. Cewa nake ka gwada kanka da abin da ba ya cin kuɗi. Kafin Juma'a ka shiga gidan maƙwabta biyu ko uku da masallacin unguwa, ka rubuta musu lissafin abin da suke buƙata kyauta. In ka ji kana jin daɗin yi, to naka ne. In wannan ma ya zama sai gobe, to ƙila ba solar kake so ba, barin banki kawai kake so, sai ka nemi wani abin tun kuɗin hannunka bai ƙare ba. Ka yi haƙuri da bakina, Yaya.

Baban Hanifa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ɗan Singa, maganarka ta yi zafi amma ta shiga.

Na kira mai solan unguwarmu a daren da na karanta amsar Injiniya. Aikin famfon burtsatse ne a wata gona ta hanyar Gezawa, fanel aka jera a kan ƙarfe a ƙasa, ban ma hau kwano ba. Ni na yi ta miƙa spana da jan waya a cikin bututu. Shi ya fi ni jin nauyi, sai "Yaya kawo in yi" yake, har sai da na ce masa in ya ci gaba da haka ba zan koyi komai ba. Da ruwa ya fito mai gonar ya tambaye ni nawa za a kashe a sa masa fitilu da fanka a ɗakin mai gadi, na zauna a kan bulo na buga masa lissafi. Kafaɗuna har yanzu ciwo suke.

Da za mu rabu ya miƙo min kuɗi wai na mota, na ƙi karɓa. Injiniya, daidai na yi?

Injiniyan Dole ya amsa:

A'a, karɓa za ka yi. Haƙƙin yaron aiki ne, kowa ana ba shi. In kana ƙi, zai ɗauke ka baƙo mai taya shi, gobe in aiki ya fito sai ya ji nauyin kiranka ya ɗauki wani. Ka karɓa, ka kuma tambaye shi nawa yake sallamar yaransa a kowane aiki don ku san inda kuka tsaya tun yanzu.

Lissafin ɗakin mai gadin nan, ka nuna masa kafin ka tura wa mai gona, kwastomansa ne ba naka ba. Ka duba kaurin wayar da ka rubuta daga batir zuwa inbata, a 12V wuta mai yawa take bi, siririyar waya zafi take ɗauka. Turo hoton takardar nan zauren in duba maka in ka so.