Hawan jini: wane ma'auni zan rubuta a jarrabawa?

Ɗaliba, Gwale: Assalamu alaikum. Jarrabawarmu ta ƙarato, ga shi na rikice: daga 140/90 ake tabbatar da hawan jini, ko daga 130/80?

Likita, Tarauni: Wa alaikumus salam. Ki rubuta 140/90, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, amma sai an auna a ranaku biyu mabambanta, majiyyaci yana zaune bayan ya huta minti 5. Ma'aunin 130/80 na Amurka ne, tun 2017. Ga mutanenmu kuwa, an fi fara magani da amlodipine ko maganin sa fitsari irin thiazide, tare da rage gishiri.

Ɗalibi, Fagge: Ƙanwata, kada ki manta da mai juna biyu, domin a cikin magungunan hawan jini ba a ba ta lisinopril, sai irin su methyldopa ko labetalol. A nan na sha kunya bara, a gaban malamai.