Neman shawara: zan sauka gidan abokin Baba a Liyon, ina kuma so in zagaya Mont Blanc a ƙafa

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokin mahaifina da ke zaune da iyalinsa a Liyon, ƙasar Faransa, ya gayyace ni in yi musu mako 3 a watan Yuli. Ina so in cire kwana 11 daga ciki in bi hanyar Tour du Mont Blanc, wadda ta kewaye dutsen. Ban taɓa tafiyar dutse ta kwana da kwanaki ba. Da me zan fara, biza, tikiti ko wurin kwana? Kuma yaya zan yi kada mutanen gidan su ga na mai da gidansu wurin ajiye akwati?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Nasiru. Fara da wurin kwana, domin a kansa sauran suka rataya. Hanyar kusan kilomita 170 ce, ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, kuma masaukan kan dutse, waɗanda Faransawa ke kira refuge, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba kawai suke aiki. Gadajensu kaɗan ne, na Yuli da Agusta kan ƙare watanni kafin lokaci. Kama waɗanda suka fi wuya tukuna, wato na wajen Les Chapieux da Les Mottets, da Elisabetta da Bonatti a ɓangaren Italiya, sannan ka jera sauran kwanakin a kansu. Garuruwa irin su Les Contamines da Courmayeur suna da otal da yawa, ba su kai waɗancan matsi ba.

Ga dalilin da ya sa wannan ya riga biza. Mai masaukinka zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar shaidar zai sauke ka a gidansa, wadda ake kira attestation d'accueil, ya biya hatimin yuro 30, ya aiko maka da ainihinta. Kwanakin da za ka yi a gidansa take nunawa. Daren da za ka kwana a kan dutse kuwa, takardar kama gado ce shaidarka. Idan jadawalin da ka miƙa ya ce mako 3 amma ba ka nuna inda za ka kwana ba a kwana 11, ka bar giɓin da zai iya sa a ƙi ba ka.

Biza ɗaya ta Shengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, ta ishe ka ƙasashen uku. A ofishin Faransa za ka nema tunda a can za ka fi daɗewa. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuɗinta yuro 90. Fasfo ya kasance yana da aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarka, da shafi 2 da ba a buga komai a kai ba.

Injiniya Bashir: Ƙari a kan inshora. Wadda biza ke buƙata ita ce mai ɗaukar nauyin aƙalla yuro 30,000 na jinya da mayar da mutum gida. Wannan ba lallai ta haɗa da ɗauko ka da jirgi mai saukar ungulu ba, kuma a Suwizalan biya ake yi. Ka karanta sharuɗɗan, ka tabbata an rubuta ceto a kan dutse, da tsayin da ya kai mita 3,000. Lambar gaggawa 112 ce.

Yanzu batun jiki, wanda shi ne ya fi tsaya mini. Kada kilomita 170 ta ruɗe ka. Hawan da ke cikinta ya kai mita 10,000, gangara ma haka, wato kusan mita 900 sama da 900 ƙasa kowace rana, awa 6 zuwa 8 a kan ƙafa. Sababbi hawa suke tsoro, alhali gangara ce ke mayar da mutane gida. Duk takun da ka yi ƙasa, naman cinya ne ke riƙe nauyinka da na jaka, sai gwiwa ta fara zafi a rana ta 3 ko ta 4. Gangaren da ke shiga Courmayeur daga Col Chécrouit ya yi suna a kan wannan. Don haka ka ba kanka mako 10 zuwa 12 na atisaye: matakala da jaka a baya, hawa da sauka, sau 3 a mako, sannan a ƙarshen mako doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin rana ta biyun ce ke koya wa jiki tashi da gajiyar jiya. Sanduna biyu na dogarawa suna rage wa gwiwa aiki sosai.

Jaka kada ta wuce kilo 8 zuwa 10 har da ruwa. Takalmi ka yi makonni kana tafiya da shi kafin ka tashi, kuma ya bar sararin yatsa ɗaya a gaba, in ba haka ba farce zai yi ta bugun bakin takalmi a gangara har ya yi baƙi. Da ka ji wani wuri a dunduniya ya fara ɗumi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira ya yi ƙurji. Auduga kuma ka bar ta: tana shan gumi ba ta bushewa, iskar mashiga, wato tsagin da ake ƙetare dutse ta cikinsa, ta same ka da ita jiƙe. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000, kuma mashigar Grand Col Ferret na da tsayin mita 2,537, Col de la Seigne 2,516. Rigar ruwa, rigar sanyi, hula da safar hannu, ko da a Yuli ne.

Hajiya Rakiya: Ɗana, bari in taɓa batun mutanen gida. Tun kafin abokin mahaifinka ya je karɓo takardar nan ka gaya masa gaskiya cewa kwana 11 ba ka nan, kada ya ɗauki hutun aiki dominka ya wayi gari ka saɓa jaka. Ka raba zaman biyu: kwana 4 ko 5 da su a farko, sauran bayan ka sauko, lokacin da kake da labari da hotuna. Bar musu jadawali a rubuce, sunan masaukin kowane dare da lambar wayarsa. Ka faɗa musu akwai wuraren da waya ba ta kamawa, shirun kwana ɗaya ba matsala ba ne, amma ku yanke sa'ar da in ta wuce za su kira masaukin. Amanar mahaifinka ce a hannunsu, hankalinsu ba zai kwanta ba sai da wannan. Kada ka ɗora musu kai ka da mota. Jirgin ƙasa na zuwa Saint-Gervais-Le Fayet, daga nan ƙaramin jirgin Mont-Blanc Express ya sauke ka a Les Houches, inda akasari ake farawa. In ka dawo, takalmi mai laka ya tsaya a bakin ƙofa cikin leda, ka tambayi uwar gida kafin ka zuba kaya a injin wanki.

Nasiru: Na gode ƙwarai, Hajiya. Abinci fa a masaukan nan? Kuma in na kasa a tsakiya?

Malam Sabo: Yawanci demi-pension ake biya, wato gado da abincin dare da karin kumallo. Tukunya ɗaya ce ta kowa, ana zama wajen ƙarfe 7 na yamma, kuma naman alade na shiga girkin yankin sosai. Ka rubuta "sans porc", wato ban da naman alade, ko ka zaɓi abincin marasa cin nama tun ranar kama gado, ka sake tunatarwa da isarka. Ana ajiye takalmi a ƙofa, kuma sai ka zo da siririn zanen kwanciya irin na buhu, su nasu bargo ne. Riƙe tsabar yuro, domin ba ko'ina kati ke aiki ba, da ɗan faran na Suwizalan. Layin wayar Faransa ma ka duba ko ya haɗa da Suwizalan, tunda ba ta cikin Tarayyar Turai.

Ka fita da ƙarfe 7 na safe ka ƙetare mashiga kafin azahar, saboda hadari mai tsawa da rana yake haɗuwa. In gwiwa ta ƙi, akwai bas a kwarin Val Ferret na Italiya, akwai kuma daga La Fouly zuwa Champex. Ka hau ka je ka kwana a gadon da ka riga ka kama, washegari ka duba ƙafar.