Hasken PVK ɗina ya ƙi nuna alamar zobba masu haɗuwa

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masana kimiyyar sinadarai. Don Allah a taimaka min, aikina ya cije.

Na haɗa PVK, wato polimar poly(N-vinylcarbazole), daga monomar N-vinylcarbazole da AIBN (sinadarin da ke tayar da haɗuwar sarƙa) cikin toluene a digiri 70, na zuba a methanol ya kwanta fari tas. A NMR (gwajin da ke nuna tsarin sinadari) layukan zobban carbazole sun faɗaɗa, har ɗaya ya gangaro kusa da 5 ppm, wanda ke nuna zobban carbazole sun jeru kusa da juna.

Matsalar tana wajen hasken da PVK ɗin ke fitarwa idan an haska shi (fluorescence). Ya kamata in ga faffaɗan tudu wajen 380 nm na zobban da suka ɗan hau juna, da na 420 nm na waɗanda suka fuskanci juna sosai. Amma da na narkar da shi a THF (ruwan narkar da sinadarai), siraran kololuwa ne wajen 350 nm suka mamaye, irin na carbazole guda ɗaya. Na sake wankewa da methanol, na busa nitrojin don korar iskar oksijin, amma siraran kololuwar sun ragu kaɗan kawai.

Ragowar monoma ce ta maƙale, ko sarƙoƙin ne gajeru? Ba mu da GPC (na'urar auna girman sarƙoƙin polima) a ɗakin gwajinmu. Ta yaya zan bambance su?