Idan gwajin manhaja ya katse a tsakiya, daga ina ake ci gaba?

Daga Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar gwaji. Ina gwada wata manhaja ta biyan kuɗin makaranta ta waya, kuma tsarin gwajinmu yana cikin Azure Test Plans, wani kayan aiki na tsara matakan gwaji da rubuta sakamakonsu. Ranar Alhamis wuta ta ɗauke ina kan mataki na 9 cikin 14, sai na dakatar da gwajin, na adana, na rufe kafin batirin kwamfuta ya mutu. Washegari na danna ci gaba, na tarar da matakai takwas na farko da alamarsu kamar yadda na bar su, amma na tara ya faɗi. Na rubuta rahoton kuskure, mai rubuta manhajar ya duba ya ce babu abin da ya lalace, kuma gaskiyarsa ce: lambar tabbatarwa da aka turo ranar Alhamis ta riga ta mutu, an kuma cire sefa 5,000 daga asusun gwaji tun a mataki na 7. Kayan aikin ya riƙe inda na tsaya, amma bai riƙe halin da manhajar take ciki ba. Yaya kuke yi da irin wannan?

Daga Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. Nawa ya fi naka ciwo, domin ban gane ba sai bayan mako guda. Muna amfani da TestLink, wani kayan aikin tsara gwaji, inda kowane sakamako yake ɗaure da sigar manhajar da aka zaɓa lokacin gwaji. Na bar tsari mai gwaji 60 a rabi ranar Juma'a, na dawo Litinin na ƙarasa, ashe an ɗora sabuwar siga a ƙarshen mako ba tare da an yi mata rajista a TestLink ba. Rahoton ya fito kore shar, wato duk gwaje-gwajen sun yi nasara, alhali rabinsa shaida ce a kan manhajar da babu ita kuma. Tun daga nan, kafin in taɓa komai, nakan kwatanta lambar sigar da ke kan allo da wadda ke cikin tsarin. Idan sun bambanta, sai in yi wa sabuwar sigar rajista a TestLink. Gwaje-gwajen su koma matsayin waɗanda ba a yi ba, tsohon sakamakon kuma yana nan a tarihinsa.

Daga Njamena: Mu kayan aikin tsara gwaji mai suna Kiwi TCMS muka girka a kan kwamfutar ofis, saboda haka yankewar intanet ba ta hana mu rubuta sakamako. Matsalarmu ta mutane ce. Kayan aikin ya bambanta gwajin da aka dakatar da wanda ya maƙale yana jiran gyara, amma abokan aiki suna cakuɗa su, har shugabarmu ta ɗauka gwaji goma sha biyu suna jiran gyara, alhali masu yinsu sallar Azahar suka tafi. Akwai kuma ranar da na karɓi gwajin wani daga tsakiya: ya fara da lambar wayar Kamaru mai lambobi 9, ni kuwa na ci gaba da ta Chadi mai lambobi 8, muka ɓata yini muna neman kuskuren da mu muka haifar. Yanzu duk wanda zai tashi dole ya rubuta a gurbin bayani asusun da ya yi amfani da shi, da lambar wayar, da kuɗin da ya rage, ya haɗa da hoton allo.

Daga Ngaundere: Ku gafarce ni yayyena, a ganina laifin na tsawon gwajin ne. Mataki 14 a gwaji ɗaya ya yi yawa a garin da ba a san lokacin ɗaukewar wuta ba. Na rarraba nawa zuwa matakai biyar ko shida, kuma idan ɗaya ya katse, a TestRail, kayan aikin tsara gwajin da nake amfani da shi, nakan sa masa alamar a sake, in fara daga farko.

Daga Garwa: Na gode, Hajiya. Na raba nawa gida uku jiya, amma na biyu ba ya tashi sai da kuɗin da na farko ya cire, don haka na ƙara masa sharaɗi a sama: a mayar da asusun gwaji sefa 20,000 kafin a fara.