"Zuwa da kai ya fi aike": shin kullen korona ya karya wannan karin magana?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai karin maganar da ta daɗe tana yi min yawo a rai, ina so masana su warware min. An ce zuwa da kai ya fi aike, wasu kuma su ce ya fi saƙo. Kafin 2020 a kanta nake sayayya, ba na biyan kuɗin abin da ban riƙe da hannuna na jujjuya ba. Sai ga shi ran 11 ga Maris na shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ƙasashe suka yi ta shiga kulle ɗaya bayan ɗaya. Fita ta zama laifi, aike ya zama hanya. Yanzu kulle ya wuce, amma har yau abubuwa da yawa ta waya nake yin odarsu a kawo min, kuma ban ga na yi asara ba. To karin maganar ce ta tsufa, ko kuwa dama ba mu fahimce ta ba?

Malam Mai Alli:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ba ta tsufa ba, kuma a ganina kulle bai ma gwada ta ba. Abin da take nufi shi ne ɗan aike ba ya jin zafin buƙata kamar mai buƙatar. In aka ce masa babu, sai ya juyo ya kawo miki "babu". Ke kuwa da kin je da kanki za ki yi tayi, ki roƙi ragi, ki leƙa maƙwabcin shagon, ki ga wani abin da zai maye gurbin wanda kika rasa. Amma ki lura, karin maganar tana auna abu biyu ne a lokacin da duka biyun suke hannun mutum. A kwanakin kulle babu zaɓi. Wanda aka rufe wa ƙofa ya yi aike ba za a ce ya fifita aike ba. Dole ƙanwar na ƙi ce, ita ce karin maganar da ta dace da wancan lokacin.

Ɗan Zamani:
Allah gafarta Malam, da girmamawa, ban yarda ba. Dolen ce ta buɗe wa mutane ido. A Birtaniya kafin annobar wajen kashi 20 cikin 100 na cinikin kayan shaguna ne ake yi ta intanet, a farkon 2021 ya haura kashi 35. Kamfanin Amazon, mai sayar da kaya ta intanet, ya yi cinikin dala biliyan 386 a 2020, alhali a 2019 biliyan 280 ne da ɗoriya. Dattawan da suka rantse ba za su taɓa sa lambar katinsu a waya ba, jikokinsu suka koya musu, kuma ba su daina ba. Aiken yanzu ma ba irin na da ba ne. Kana ganin hoton kaya, kana karanta abin da waɗanda suka saya kafin kai suka ce, kana kwatanta farashin shaguna goma kana zaune. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja.

Akanta:
Ƙanena, ka kawo rabin lissafin ka bar rabi. Wannan kashi 35 ɗin bai zauna ba. Da aka buɗe shaguna ya sauko wajen 26 zuwa 27 a 2022 da 2023. Ya fi na kafin annoba, gaskiya ne, amma dama tun kafin korona yake hawa kowace shekara. Kamfanin Shopify, mai gina wa 'yan kasuwa shagunan intanet, ya sallami kusan kashi 10 cikin 100 na ma'aikatansa a Yulin 2022, shugabansa ya fito ya ce sun yi zaton annobar ta tura cinikin intanet gaba da shekara biyar ko goma har abada, zaton kuma bai tabbata ba. Masu kuɗin da suka zuba jari a kan cewa zuwa da kai ya mutu sun ji a jikinsu. Ni inda zan tsaya shi ne hali zanen dutse. Mutane sun riƙe aike a kan abin da ba ya buƙatar ido: sabulu, batir, littafi, kuɗin wuta. Abin da sai an gwada, kamar takalmi ko katifa, ƙafa ta koma.

Hajiya Mai Tattali:
Ni wani ɓangare nake so a duba, wanda ya shafi aljihu. Zuwa da kai yana da tsada, ba kuɗin mota nake nufi ba. Ido ne. Ka shiga shago don abu ɗaya ka fito da biyar, saboda an jera su a inda dole ka wuce. A watannin farko na kulle na fara rubuta abin da gida ke buƙata a takarda, in soke wanda zai iya jira, in aika da sauran. Ranar da na zauna na duba abin da ya rage a hannuna a ƙarshen wata, na gane cewa kaso mai yawa na abin da nake kira buƙata sha'awar ido ce kawai.

Sai dai abin bai tsaya nan ba. Shago yana da lokacin rufewa, waya ba ta da shi. Dare ya raba, yara sun yi barci, zaman gida ya ishi mutum, ga fargabar labaran mace-mace, sai ka ga yatsa yana ta jan allo sama. Riga ta wuce, ka koma ka sake kallonta. Gobe ta biyo ka Facebook, jibi ta biyo ka Instagram, an rubuta saura kaɗan ta ƙare. Ka danna sau biyu, shi ke nan. Babu ƙirga kuɗi a tafin hannu, babu wannan ɗan jinkirin da mutum kan yi kafin ya miƙa wa mai shago. Kuma da gangan aka sauƙaƙa hanyar don gudun taɓa takardun kuɗi. A Birtaniya an ɗaga iyakar abin da za a biya da ɗora kati ba tare da danna lambar sirri ba daga fam 30 zuwa 45 a Afrilun 2020, sannan zuwa 100 a Oktoban 2021. A Kenya babban bankin ƙasar ya sa an cire cajin tura kuɗi ta waya a kan abin da bai wuce shilin 1,000 ba. Matakai ne masu amfani, ban musa ba. Amma kuɗin da ba ka ga fitarsa ba bai cika yi maka ciwo ba sai ya ƙare.

Ɗan Zamani:
Hajiya, amma ai mutane tara kuɗi suka yi. A Amurka abin da iyalai ke ajiyewa daga samunsu ya haura kashi 30 cikin 100 a Afrilun 2020, alhali kafin nan bai kai 10 ba.

Akanta:
Wannan ba tattali ba ne, rashin wurin kashewa ne. An rufe gidajen cin abinci, jirage sun tsaya, babu taro, gwamnatin Amurka kuma ta tura wa mafi yawan baligai dala 1,200 kowanne. Da aka buɗe ƙofa kuɗin ya fita da gudu, ya tarar da kaya sun yi ƙaranci, kwantenoni sun maƙale a tashoshin ruwa. Hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a Yunin 2022, ta kai 11.1 a Birtaniya a Oktoban shekarar, ga yaƙin Ukraine ya ƙara tsadar makamashi. In ka ga mutum yau yana auna komai kafin ya saya, ni na fi danganta shi da tsadar da ta biyo baya fiye da kullen kansa.

Ɗan Aike:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki, don ni aikin kai kaya gidaje na yi a lokacin. Duk inda aka ce "na yi aike", to wani ne ya je. Karin maganar ba ta ce zuwan ya ɓace ba, wani aka ɗora wa. Ina tuna yadda ake yi: in ajiye kwali a bakin ƙofa, in ƙwanƙwasa, in ja da baya taku uku. Wani ya leƙo ta taga ya ɗaga min hannu. Wata ta fito da safar hannu ta fesa wa kwalin magani kafin ta taɓa shi, ni kuma da na ɗauko shi tun safe ina tsaye da takunkumi ɗaya da ya jiƙe da gumi. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji, ni ma tsoron nake ji. Amma ita tana da damar zama, ni ba ni da ita. Amazon kaɗai ya sanar da ɗaukar mutum 175,000 a Maris da Afrilun 2020. Duk waɗannan mutane ne masu iyali da suke komawa gida da dare ba su san me suka kwaso ba. Don haka in ana cewa aike ya fi sauƙi, a riƙa tambaya: ga wa?

Baba Dattijo:
Allah ya yi maka albarka yaro, ka faɗi abin da ya hana ni yin shiru. Tun ɗazu ana maganar oda da kati da ajiya, kamar kowa albashi yake ɗauka. Mafi yawan mutanen duniya sai sun fita suke samu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce awannin aikin da aka rasa a 2020 sun kai kwatankwacin ayyuka miliyan 255 na cikakken lokaci. Bankin Duniya ya ce kimanin mutum miliyan 70 ne suka faɗa matsanancin talauci a shekarar. A Indiya da daren 24 ga Maris aka sanar da kulle, ya fara aiki bayan awa huɗu, leburori suka kama hanyar garuruwansu a ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita, da yara a kafaɗa. Waɗannan me ya canja a sayayyarsu? Sun rage yawan abin da suke saye, sun ci bashi, sun sayar da abin da suka mallaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada wanda kulle ya tara wa kuɗi ya ɗauka labarinsa ne labarin kowa.

Malam Mai Alli:
Gaskiya ne Baba. Kuma akwai wata karin maganar da aka zalunta a lokacin, wato rigakafi ya fi magani. Da ita masu hali suka fake suka kwashe kayan shaguna. A Ostareliya da Amurka takardar bayan gida ta yi ɓatan dabo, a Hong Kong har 'yan fashi da wuƙa suka tare mai kai kaya a Fabrairun 2020 suka kwashe ɗaruruwan naɗi. Kamfanonin da ke yin ta ba su daina yi ba. Mutum ne zai ga hoton kantar shago babu komai, ya ruga ya sayi na wata shida, na bayansa ya tarar da wayam ya ɗauki hoto shi ma. Rigakafi shi ne ka tanadi abin da zai ishe ka. Wanda ya kwashe rabon tsohuwar da ba ta iya layi, kuma ba ta da kuɗin sayen na wata guda a lokaci ɗaya, bai yi rigakafi ba, ya jawo ciwon da yake gudu ne.

Ɗan Zamani:
Na karɓi maganar Baba da ta Ɗan Aike, ban kalli abin ta wannan fuskar ba sai yanzu. Amma Malam, har yanzu ina nan a kan cewa ba za a jefa wa mai sayayya ta intanet wannan karin magana ba. In kaya bai yi ba ai mayarwa ake yi.

Ɗan Aike:
Yaya, mayarwar ma ni nake zuwa in ɗauko. Akwai masu yin odar riga ɗaya girma uku, su gwada, su riƙe ɗaya, biyu su koma. Tafiya biyu ke nan a kan abin da minti biyar a gaban madubin shago zai raba gardama. Shi ya sa manyan kamfanonin tufafi irin su Zara suka fara cajin kuɗin mayar da kaya ta hanyar aike a wasu ƙasashe tun 2022, amma in ka kai shagonsu da ƙafarka ba sa karɓar ko sisi.